Kafin a Saka wa Mota Babbar Inbata: Lissafin da Mai Motar Biki a Dirin Daji Ya Kamata Ya Fara Yi

A garuruwa irin su Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru ta jihar Kebbi, mota ɗaya takan yi aiki uku. Bas ɗin da ya kai fasinja kasuwa da safe, da la'asar shi ne zai ɗauki manyan sifiku da amfilifaya zuwa gidan biki a wani ƙauye da ba shi da layin lantarki. Kafin a tashi daga bikin kuma, samari da 'yan mata sun jera masa wayoyi ashirin a kan kujerar baya suna jiran caji. A da ƙaramin janareta ne ke ɗaukar wannan nauyin. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024, sai masu irin wannan sana'a suka fara waiwayar inbata.

Inbata ita ce akwatin da ke karɓar wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ta mayar da ita irin wutar gida, wato bolt 230, wadda caja da fanka da talabijin suka sani. Yawanci da ƙarama ake farawa, mai wat 300 ko 500. Tana cajin waya da laftof lafiya lau. Ranar da aka jona mata amfilifaya, mai kiɗa ya ƙara murya, sai ta fara ƙara "tii-tii-tii" ta ɗauke wuta ana tsakiyar rawa. Abin da ke zuwa ran kowa a lokacin ɗaya ne: a sayo babba. Idan aka je shago kuma, mai sayarwa zai nuna wadda aka rubuta 3000W a jikinta da manyan baƙaƙe, ya ce an gama magana.

Ba a gama ba. Inbata ba ta ƙirƙirar wuta, juya ta kawai take yi. Duk abin da ta bayar ta gaba, sai ta ciro shi daga batir ta baya, har da ɗan ƙari da ke ɓacewa a matsayin zafi.

Masu gida a cikin mota

A Amurka akwai motocin da ake ƙerawa musamman don yawon shaƙatawa, masu gado da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda suke kira RV. Yankin Elkhart da ke jihar Indiana ne cibiyar ƙera su. Masu irin waɗannan motoci sun daɗe suna fama da matsalar da mai bas ɗin biki yake shiga yanzu, domin su ma sukan so ƙara firij ko na'urar ɗumama abinci, sai su tarar inbatar da ta zo da motar ta yi kaɗan. Abin koyi a tsarinsu shi ne batir kashi biyu ne a motar. Akwai na tayar da inji, akwai na hidimar ɗaki, kuma akwai na'ura a tsakani da ke raba su da zarar an kashe inji. Ko da na ɗakin ya mutu murus, direba zai murɗa makulli mota ta tashi.

A nan kuwa akasari batir ɗin motar ake maƙala wa inbata kai tsaye da ƙugiyoyi biyu. A cikin gari, batir ya mutu abin dariya ne, yara su tura a wuce. Amma yankin Sakaba da Danko-Wasagu ya sha fama da matsalar tsaro a 'yan shekarun nan, kuma duk direban da ke bin hanyoyin ƙauyukan nan ya san akwai lokacin da ya kamata a ce ya isa gida. Motar da ta ƙi tashi bayan magariba saboda an shanye batir da kiɗa ba ƙaramin haɗari ba ce ga direba da yaransa.

Wani abu kuma da ya shafi Amurka: wutar gidajensu bolt 120 ce, ta Najeriya 230. Inbatar gwanjo da aka ciro daga irin waɗancan motoci, komai kyanta da arharta, 120 za ta bayar. Cajar waya da ta laftof za su iya aiki da ita, domin yawancinsu suna karɓar daga 100 zuwa 240, amma fanka da firij da amfilifayar da aka saya a Kano ba za su yi ba. A duba bayan akwatin kafin a biya kuɗi.

Lissafin da ba a so a yi

Ƙa'idar guda ɗaya ce, kuma kalkuletar waya ta isa: a raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a cikin kebul. Kayan da ke cin wat 1,000 a wutar gida amfiya huɗu da ɗoriya kawai suke ja, shi ya sa siririn kebul ke ɗaukarsu. Amma a ɓangaren batir, wat 1,000 ɗin nan a kan bolt 12 amfiya 83 ne, kuma idan aka haɗa da asarar da inbata ke yi, wadda takan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ya doshi 95. Mai wat 2,000 tana neman kusan amfiya 190. Mai 3,000 tana neman kusan 280, wanda ya kai abin da kik ɗin mota ke ja a daƙiƙa biyu ko ukun da ake tayar da inji. Bambancin shi ne ita inbata so ake ta yi awanni tana ja.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa ramin kunna sigari na gaban mota ba wurin babbar inbata ba ne. Fiyus ɗinsa yawanci amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180. Duk wanda ya cire wannan fiyus ya naɗa zaren waya a madadinsa don ya daina tsinkewa, ya mayar da kebul ɗin cikin dashbod shi ne fiyus.

A ɗauki misalin bas ɗin biki. A ce amfilifaya da miksa suna cin wat 400 a matsakaici, laftof 60, wayoyi ashirin kowace wat 10 ya zama 200, ƙwayayen fitila huɗu 60, fanka 60, ƙaramar firintar hoto 30. Jimla wat 810. Idan aka bar sarari na kwata, inbata mai wat 1,000 na gaskiya ta isa. Idan ana son ƙara ɗan firij na lemo, a je 1,500, domin injin firij yakan ja ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta masa a daidai lokacin da yake tashi. Babu inda 3,000 ta shigo cikin wannan lissafin.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: awa nawa? Wat 810 a gaba yana nufin kusan wat 920 daga batir, wato amfiya 77. Batir ɗin mota mai 75Ah, a takarda, ba zai cika awa guda ba. A aikace ma bai kai nan ba, saboda dalili biyu. Na farko, batir mai ruwan asid ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, shi kuwa na tayar da inji an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci a sake cika shi nan take, zurfafa shan sa sau da yawa na kashe shi cikin 'yan watanni. Na biyu, wani masanin Jamus mai suna Wilhelm Peukert ya nuna tun 1897 cewa gwargwadon saurin da ake jan wuta daga irin wannan batir, gwargwadon raguwar abin da zai bayar gaba ɗaya. Lambar da ke jikin batir an auna ta ne a kan ja a hankali na awa ashirin.

Bikin awa huɗu yana buƙatar kusan kilowat-awa 3.7. Da batir mai asid irin na sola, wanda rabinsa za a sha, ana maganar 600Ah, wato manya uku masu 200Ah, kowanne kusan kilo 60. Kilo 180 ke nan, nauyin fasinja uku da ba sa biyan kuɗin mota. Da batir ɗin litiyam irin LiFePO4, wanda ake iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗarinsa, 300Ah da ɗoriya ya isa, nauyinsa kuma wajen kwatan wancan ne, sai dai kuɗin sayensa ya fi yawa. Ko wanne aka zaɓa, kuɗin batir zai ninka na inbata. Wannan ne mai shago ba ya faɗa da wuri.

Litiyam yana da nasa sharaɗin. A cikinsa akwai ɗan allon lantarki mai gadinsa, BMS, wanda ke da iyakar amfiyar da yake bari ta fita. Da yawa daga cikin masu 100Ah iyakarsu amfiya 100 ce. Idan aka jona wa guda ɗaya inbata mai wat 2,000 aka ɗora mata kaya, batir ɗin da kansa zai yanke wuta, mutum ya yi ta zagin inbata alhali ba ruwanta.

Kebul, inda gobara take farawa

Mafi yawan masu canza inbata sukan bar tsohon kebul a wurin. A nan matsalar take. A ce tazarar batir da inbata mita biyu ce, zuwa da dawowa mita huɗu. Idan kebul ɗin jan ƙarfe ne mai kaurin 16mm², aka ja amfiya 190 ta cikinsa, za a yi asarar kusan bolt 0.8 a hanya, kuma kebul ɗin zai riƙa fitar da zafin kusan wat 160, a ƙarƙashin kujera ko kafet. Idan aka sa mai 70mm², asarar ba ta kai bolt 0.2 ba, zafin kuma ya sauka zuwa wajen wat 36.

Asarar bolt 0.8 kamar ba komai ba ce, amma yawancin inbatoci masu bolt 12 suna kashe kansu idan wutar da ke isa gare su ta sauka zuwa wajen 10.5. Batir na iya nuna 11.8 a kansa yana aiki, inbata kuma tana ganin 11, amfilifaya ta buga ganga ɗaya mai ƙarfi, a faɗa ƙasa da iyaka, ƙara ta tashi. Akwai ƙananan inbatoci da yawa da aka jefar bisa zargin sun yi kaɗan, alhali siririn kebul ne da sako-sakon kan batir mai farin gari suka hana su aiki. Kafin a kashe kuɗi, ya dace a sa mita a bakin inbatar ana cikin aiki, a kwatanta da abin da take nunawa a kan batir. Idan bambancin ya wuce rabin bolt, rewaya ake nema, ba shago ba.

A ƙiyasi, inbata mai wat 1,000 tana son kebul 25 zuwa 35mm² idan tazarar gajeriya ce, mai 2,000 kuma 70mm². Sannan a kula da abin da ake sayarwa da sunan jan ƙarfe. Akwai kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ya fi arha, ya fi sauƙin ɗauka, amma yana hana wuta wucewa fiye da na ainihi da kusan rabi ko fiye. Gane shi ba wuya: a kankare zare ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne, alminiyam ne.

Fiyus kuma ba don inbata ake saka shi ba, don kebul ne. Jikin mota gaba ɗaya shi ne ɓangaren baƙi na batir. Idan jan kebul ya goga da ƙarfe a kan hanya mai gargada har robarsa ta cinye, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya a wurin, kebul ya yi ja, kujera ta kama. Shi ya sa ake saka fiyus a kan jan kebul dab da batir. Ƙa'idar da masu ƙera ƙananan jiragen ruwa a Amurka ke bi ta ce kada ya wuce inci 7 daga kan batir, kusan santimita 18. Duk inda kebul zai ratsa ta hudar ƙarfe kuma a sa masa zoben roba.

"Ai zan bar inji a kunne"

Wannan ce amsar da direbobi suka fi bayarwa. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, a ƙananan motoci da bas-bas takan ba da amfiya 70 zuwa 120, amma sai inji na gudu sosai. A silo abin da take bayarwa ya ragu ƙwarai, kuma motar da kanta tana cin wani ɓangare wajen fitilu da famfon mai da fankar lagireto. Idan inbata na neman amfiya 77, batir na ci gaba da raguwa ko da inji na ruri, ita kuma altaneta tana aiki iya ƙarfinta ba iskar da za ta sanyaya ta. Ga man da aka gudu daga janareta saboda shi, yanzu injin bas ne ke ƙona shi a tsaye.

Hanyar da ta dace ita ce ta masu RV: batir na biyu daban, da na'urar da ke raba shi da na inji. Idan na biyun litiyam ne, a sa caja ta musamman da ake kira DC-DC a tsakani, wadda ke taƙaita abin da ake ja daga altaneta zuwa amfiya 20, 30 ko 40, domin litiyam da ya yi ƙasa yana iya zuƙar duk abin da altaneta ke da shi har ta ƙone. Sai dai a amfiya 30, cika 300Ah tuƙin awa goma ne, kuma babu mai yin wannan tsakanin biki da biki. Saboda haka rufin bas ya fi altaneta amfani. Faifan sola biyu masu wat 400 kowanne, da irin ranar da ake samu a Kebbi, za su iya tara kusan kilowat-awa uku a yini mai haske, wanda ya kusa abin da bikin awa huɗu ke ci.

Wanda kayansa suka wuce wat 2,000 da gaske, ya bar bolt 12 ya koma 24. Da ninka bolt, amfiya ta ragu da rabi, kebul ya sirance, zafi ya ragu. Manyan motoci irin su tirela da Kanta da yawa dama tsarinsu 24 ne, da batir biyu a jere. Kuskuren da ake yi a kansu shi ne a maƙala inbata mai bolt 12 a kan batir ɗaya daga cikin biyun. Wannan ɗayan zai riƙa yin ƙasa, ɗan'uwansa na cika fiye da kima, a ƙarshe a rasa duka.

Abin da aka rubuta a kwali

Lambar da aka fi girmamawa a jikin kwali sau da yawa ta ƙarfin ƙiftawar ido ce, wadda inbata ke iya bayarwa na daƙiƙa ɗaya ko ƙasa. Ƙarfin da take iya riƙewa na awanni yakan zama rabin wannan. Wasu kuma da kVA ake rubuta su, kuma 1kVA a yawancinsu wat 800 ne. Alamomin da ba sa yaudara su ne nauyin akwatin da kaurin ƙusoshin da ake ɗaura kebul. Inbatar da ta ce 3000W amma ta zo da ƙugiyoyi da kebul mai kaurin fensir ta riga ta faɗi gaskiyarta. Wanda zai sayo daga Sabon Gari a Kano ko ya yi oda daga Alaba a Legas, ya nemi a gwada masa da dutsen guga mai wat 1,000 na minti goma, in oda ce a turo bidiyo da mita a jiki.

Akwai kuma irin wutar. Masu arha wuta mai tsalle-tsalle suke bayarwa, kamar matattakala, maimakon mai santsi irin ta layin gwamnati. Ƙwan fitila bai damu ba. Amma fanka za ta riƙa gurnani tana zafi, injin firij zai wahala, sifika kuma takan kawo wani "zzzz" a ƙarƙashin waƙa da babu maɓallin miksa da zai cire shi. Mai sana'ar sauti ya nemi wadda aka rubuta wa Pure Sine Wave, ko da zai rage girma don kuɗin su isa. Mai wat 1,000 mai tsabtatacciyar wuta ta fi masa mai 3,000 mai gurnani.

Girman da ya wuce buƙata ma yana da haraji. Babbar inbata tana cin amfiya ɗaya zuwa biyu ko da ba a jona mata komai ba. A manta da ita a kunne daga dare zuwa safe, an yi asarar 10 zuwa 20Ah a banza.

Masu cajin waya kuwa suna da wata hanyar da ta fi. Batir ɗin waya mai 5,000mAh, irin na Tecno da Infinix da yawa, kusan wat-awa 19 ne kacal. Abin da ake yi yanzu shi ne a ɗaga bolt 12 zuwa 230 da inbata, sannan caja ta sake sauko da shi zuwa 5 ko 9, kowane mataki da asararsa, har kusan kwatan wutar ya tafi a zafi. Akwai allunan USB masu ramuka da yawa da ke karɓar bolt 12 kai tsaye daga batir. Idan aka mayar da wayoyi ashirin ɗin nan kansu, aka canza fitilu zuwa masu bolt 12, an sauke wa inbata wat 260. A misalin bas ɗin nan nauyin ya dawo 550, kuma mai inbata mai wat 800 ko 1,000 zai ga ba ya buƙatar canza ta sam.

Wurin ajiye ta ma abin dubawa ne. A watannin Maris da Afrilu zafin yankin nan yakan kai digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka nesa, inbata kuwa ƙarfinta raguwa yake yi idan ta yi zafi. Tana son iska ta kowane gefe, kuma ƙurar hunturu takan toshe fankarta, sai an riƙa hure ta. Kada a haɗa ta wuri ɗaya da jarkar fetur, kada kuma a rufe ta a akwati ɗaya da batir mai asid, domin yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, tartsatsi ɗaya ya isa. Bolt 230 da ke fitowa daga cikinta yana kisa kamar na gida, musamman ga yaron da ke jan kebul ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina. Mai aikin lantarki ya saka makashin kariya mai 30mA, ya kuma gwada ya tabbatar yana tsinkewa da wannan inbatar, domin ba kowace ce aka haɗa cikinta yadda zai yi aiki ba.

Ga wanda bai kai ga sayen batir na biyu ba tukuna, akwai ƙaramar mitar bolt da ake sokawa a ramin kunna sigari, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Batir mai asid da ya huta, idan ya cika yana nuna wajen 12.6, a 12.2 kuma ya kai rabi. Yaron mota ya riƙa kashe kayan na ɗan lokaci yana leƙa ta tsakanin waƙa da waƙa, da ta nuna 12.2 a tsayar da kiɗa a tayar da inji, ko da amarya ba ta gama rawa ba.